Kwabo mai huji: tarihinsa da ɗan harafin da ke ƙarƙashin hujin

 Yau tarihin namu na ƙaramin abu ne, wanda faɗinsa wajen santimita 3 ne, wato kwabo mai huji na zamanin Ingilishi.

Kun san abin da ya sa munka ɗauko shi. Lokaci zuwa lokaci sai magana ta tashi a WhatsApp da Facebook, wai Turawa na neman tsohon kwabo ruwa a jallo, wai guda ɗaya tak na iya saya ma mutum gida a Ali Ɗan Sofo. Sai ka ga samari sun juye adakar kaka sun zazzage gwangwanin da ta yi shekara hamsin tana ɓoyo. A ɗaya gefen kuma ga masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwashe tsoffin sulalla a kan kuɗin goro, ba tare da mai kayan ya san ko akwai na kirki a ciki ba. Wani ya sa rai da miliyoyi a kan abin da bai kai dala ɗari ba, wani kuma ya saki abin da ya kai kuɗin rago a banza. To amsar tana rubuce a jikin kwabon kansa, sai dai an rubuta ta ƙanana ƙwarai, kuma ba a koya mana karanta ta a lakkol ba.

Mu faro daga farko. Kafin Nasara, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Baturen nan Barth, da ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ne jaka guda, kayan da sai an nemi mai ɗauka. Kalmar ce har yau ba ta bar bakinmu ba, tunda muna cewa jika ɗaya, jika biyar, alhali takarda ce da ke shiga aljihu.

Da Ingilishi sunka kama Najeriya, sai sunka rasa yadda za su yi da ƙananan cinikayya. Sulensu na azurfa ya yi girma ga mai sayen ƙosai ko daddawa. Shi ya sa a 1907 anka bugo ƙananan kuɗi na musamman: kwabo, da kuma anini, wanda goma daga cikinsa ke yin kwabo ɗaya. Aninin farko da alminiyom anka yi shi, amma bai jure zufa da damina ba, ya riƙa cinyewa, sai a 1908 anka maida shi farin ƙarfe, haɗin jan ƙarfe da nikel, irin na kwabon. Abin dariya, sunan kwabo daga kalmar da Ingilishi ke kiran jan ƙarfe ya fito, amma kwabon namu fari ne tas, bai koma ja ba sai 1952, lokacin da anka rage mishi girma kuma anka yi shi da tagulla.

Daga baya ɗari ta shigo, wato rabin kwabo. A 1912 anka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya ta ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma, Najeriya, Gwalkwas da ake kira Gana yanzu, Saliyo da Gambiya, kuma a 1913 ta fitar da taro, sisi, sule da fataka na azurfa, sule da fatakar da hoton itacen kwakwa a bayansu. Lissafin shi ne kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Wato fam guda anini 2,400 ke nan. Duk wanda anka ce ba shi da ko anini, kun ga inda talaucinsa ya kai.

Hujin ba ado ba ne. Mutanen da sunka saba zura wuri a zare, kuma rigunansu ba duka ke da aljihu ba, an yi musu kuɗin da za su zura su ɗaura a ƙugu. Gefe ɗaya akwai kambin sarauta bisa hujin, sunan sarkin Ingila ya kewaye, ga kuma darajar kuɗin da baƙaƙen boko da na Larabci, don a lokacin masu karatun allo sun fi masu karatun boko yawa nesa ba kusa ba. Ɗaya gefen tauraro ne mai tsini shida, wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimana, da shekarar da anka buga.

Wani zai ce, to mu da Faransa ta mallaka, me ya kawo kuɗin Ingilishi cikin adakokinmu? Ai iyaka a takarda take. Tsakanin 1906 da 1908 ne Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila sunka bi daji suna kafa alamun iyaka, amma ba su raba Maraɗi da Katsina ba, ba su raba Damagaram da Kano da Daura ba, ba su raba Ƙonni da Sakkwato ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗarmu, fatunmu da dabbobinmu kudu sunka riƙa bi, atamfa da goro da kananzir su hauro. Ga ƴan cin rani da ke zuwa Kano da haƙar kuza a Jos, ga mutanen Adar da Zabarmawa da ke tafiya har Kumasi da Ankara, inda kwabon dai shi ne wanda ake kashewa a Kano. Lanho kam da tamma ta Faransa kumandan ke karɓarsa, amma a kasuwannin bakin iyaka, irin su Ɗan Isa, Magarya da Matamai, sule da kwabo ba baƙi ba ne. Haka sunka shiga gidajenmu, sunka zauna har bayan da Najeriya ta fitar da nata kuɗi a 1959. Bugun ƙarshe na kwabon Afirka ta Yamma shi ne na 1958.

Yanzu mu zo kan harafin.

Gidan buga kuɗi na sarautar Ingila a Landan yake a wancan lokaci, kuma aiki ya yi mishi yawa, don kusan rabin duniya ke jiran sulalla daga gare shi. Sai ya riƙa ba da kwangila ga wasu masana'antu. Kowace masana'anta kuma tana sa alamarta, don in anka samu kuɗin da bai cika nauyi ba ko ƙarfensa ba shi da kyau, a san wanda za a tuhuma. Kamar dai yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida. Ku ɗauki kwabon, ku juya gefen da kambi yake, ku duba daf da ƙasan hujin. In babu komi, bugun Landan ne. In kun ga H, bugun gidan Heaton ne na birnin Barmingam, wanda ya fara buga kuɗi tun 1850 bayan ya sayi injunan tsohuwar masana'antar Soho. In kun ga KN, na King's Norton ne, wata masana'antar ƙarfe a gefen Barmingam ɗin dai. In kuma SA ce, to daga Firitoriya ta Afirka ta Kudu ya fito, a shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai ma G, ta gidan Gaunt, masu yin maɓallai da lambobin soja, wadda ke kan sulen 1920, kuma samun wannan sule sai an sha wuya.

Harafin ƙarami ne, kuma datti na shekara tamanin kan cike shi. Da ido kawai ba kowa ke ganinsa ba. Amma wayar da ke hannunku ta isa: ku fita haske, ku ɗauki hoto, ku buɗa shi da yatsa.

Me ya sa ɗan wanga harafi ke canza farashi? Domin a shekara guda ana iya raba kwangilar gida uku, wani ya buga miliyan goma sha, wani kuma ya buga kaɗan. Masu tara tsoffin kuɗi ba tsufa suke saye ba, ƙaranci suke saye. Burinsu su cika jeri, kowace shekara da kowane harafi, kuma gurbin da ya ƙi cikuwa shi ne ke cin kuɗi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na 1946 da 1947. Kwabon 1947 mai SA an buga shi da yawan gaske, gomman miliyoyi, har yau ana samunsa ko'ina. Na 1946 mai SA kuwa kaɗan ne, kuma mai kyau daga cikinsa na iya kai ɗaruruwan yuro a wurin gwanjo. Gida ɗaya ya buga su, shekara ɗaya ce tsakani, kamanninsu ɗaya. Haka kwabon 1922 mai KN, shi ma yana cikin waɗanda ake nema ido rufe. Mai yawo da kwano yana sayen tarkace, irin waɗannan yake fatan ya tsinta a cikin ɗari biyu ko uku da ya kwasa.

Sai kwabon 1936, wanda shi ne aka fi yi wa ƙarya, don haka bari mu daɗe a kansa. Sarki Joji na biyar ya rasu ranar 20 ga Janairun 1936, ɗansa Edwad na takwas ya hau. Shi wannan Edwad ba baƙon ƙasar Hausa ba ne, don tun yana yarima ya zo Kano a 1925 anka yi mishi hawan daba. Bai cika shekara a kan gado ba, a watan Disamba na 1936 ya ajiye sarauta don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, Wallis Simpson, wadda fada da coci da gwamnati sunka ƙi. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi masu hotonsa ba, ƴan gwajin da anka buga su ne ke kai farashin da ke sa mutum ya riƙe baki. Amma kuɗi masu huji ba su buƙatar hoton sarki, suna kawai ake canzawa. Shi ya sa kwabo, ɗari da anini na Afirka ta Yamma, da irinsu na Afirka ta Gabas, Fiji da Sabuwar Gini, sunka fita da sunansa: EDWARDVS VIII.

Labarin na da daɗi, kuma da shi ƴan damfara ke cin abinci. Sukan haɗa farashin waɗancan na gwaji na Ingila da hoton kwabon namu. Gaskiyar ita ce, gidaje uku duka, Landan da Heaton da King's Norton, sun buga kwabon Edwad na takwas miliyoyi-miliyoyi, kuma tun a lokacin Turawa sunka gane abin tarihi ne sunka ɓoye shi da yawa sabo fil. Yau a kasuwannin masu tara kuɗi na Turai, wanda ya sha hannu bai wuce jika ɗaya ko biyu ba. A jerin na 1936 ɗin, wanda ya ɗan yi wuya shi ne anini mai H, ba kwabon ba. Ku lura kuma, akwai na 1936 masu sunan uban, GEORGIVS V, tunda an fara bugu kafin a canza hatimi.

Inda abin ke da armashi shi ne wurin kuskuren ma'aikata. Kowane kwabo hatimi biyu ke buga shi, na gaba da na baya. Wata rana sai ma'aikaci ya ɗauko hatimin da ba na wurin ba ya haɗa. Masu tara kuɗi na kiran irin wannan alfadari, don uwa daban uba daban. An san guda uku a kwabonmu, kuma duka daga gidan Heaton. Akwai na 1936 wanda bayansa na Afirka ta Yamma ne amma gabansa na kuɗin Afirka ta Gabas ne. Akwai na 1945 mai sunan Edwad na takwas, mutumin da ya bar gado shekara tara kafin nan. Akwai kuma na 1956 mai sunan Joji na shida, wanda ya rasu tun 1952, lokacin da sunan ɗiyarsa Elizabet ya kamata ya kasance a wurin. Saboda haka kada ku tsaya ga shekara kawai, ku juya ku ga ko sunan sarkin ya dace da ita: Edwad na bakwai har 1910, Joji na biyar daga 1911 zuwa 1936, Joji na shida daga 1937 zuwa 1952, sannan Elizabet. Sunan ma na ba da labari. Kalmomin IND IMP da ke bin sunan sarki na nufin sarkin sarakunan Indiya, kuma bayan Indiya ta samu ƴancin kai a 1947 sai anka share su.

A cikin gwangwanin wani lokaci akan tarar da babban kwabo ja marar huji, mai kan sarki a gaba da wata mace zaune riƙe da mashi mai baki uku a baya. Wannan na Ingila ne kanta. Shi nasa harafin kusa da shekara yake, ta hagu: H a 1912, H ko KN a 1918 da 1919. Na 1919 mai KN shi ne ya fi wuya a cikinsu. Hotunan da ke yawo na ƙaramin kwabon Amurka mai kan Lincoln kuwa, wannan wata duniya ce daban. Can S na nufin San Faransisko, D na nufin Denba, kuma wanda ake ta kururutawa shi ne na 1909 mai S da haruffan VDB na mai zanen, wanda 484,000 kawai anka buga. Babu hanyar da ta biyo da shi ta kasuwar Jibiya, kada wani ya ruɗe ku.

Mu ma ɓangaren Faransa muna da namu alamu, kuma har yau suna cikin aljihunmu. A tsoffin kuɗin Faransa A na nufin Pari, K Bordo, W Lil, BB Sitirasbur, MA Marsai. Abin mamaki, gidan Heaton ɗin nan na Ingila shi ne ya yi aikin bugun sulallan tagulla na Napoleyon na uku a Marsai a shekarun 1850. A tammomin alminiyom na shekarun 1940 kuma za ku ga B ko C, na wasu ƙananan garuruwa biyu da anka kai aikin saboda yaƙi. Tun 1880 gidan buga kuɗi na Pari ke sa ɗan ƙaho mai zubar da albarka a matsayin shaidarsa, sannan a ɗaya gefen babban mai zane ya sa tasa: fiffike daga 1931 zuwa 1958, mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga 1974 zuwa 1994, sannan ƙudan zuma. Ku ciro tsohuwar dala biyar ko dala ashirin ta sefa ku duba kusa da shekarar, za ku gan su. Yawancinmu mun girma muna zaton tabo ne.

Kafin mu bar tarkacen kaka, akwai babbar azurfar nan mai hoton wata mace mai jiki, wadda ake ratayawa a wuya ko a kitso, mai shekarar 1780. Dalar Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya. Kada 1780 ɗin ta ɗauke ku. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin duk wadda anka buga, a Biyana ko Landan ko Pari ko Roma ko Bombai, wannan shekarar ake sa mata, don ƴan kasuwar Sahara da Habasha da Larabawa ba su karɓar wadda ta canza kama. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton na jami'ai biyu ne na gidan da ya fara buga ta. Darajarta tana cikin ƙarfenta: giram 28, wanda wajen 23 daga ciki azurfa ce zalla. Ita kam maƙerin farfaru na iya auna muku ita, ku yi lissafi da farashin azurfa na ranar.

To in mutum ya dace da harafi da shekara, saura abu na uku, wato lafiyar kwabon. Faransawa na jera ta daga B, wanda ya suɗe, zuwa TB, TTB, SUP, har FDC, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Tsakanin na farko da na ƙarshe farashi na iya ninkawa sau goma ko fiye. Mu kuwa namu sun sha wuya: sun yi yawo a zare, sun kwana cikin ƙasa, wasu maƙera sun liƙa musu kunne, aninai da yawa ma ƙusar kwano anka zura musu a rufin ɗaki. Kuma a nan ne mutanenmu ke yi wa kansu ɓarna, don da zarar an ji abu na da kuɗi sai a ɗauko toka, tsamiya, lemun tsami ko yashi a dirje shi ya yi ƙyalli. Wallahi wannan ƙyallin shi ne ke kashe shi. Mai saye na gaske yana ganin ƙujewar nan take, kuma kwabon da anka dirje rabin kuɗinsa ma da wuya. Ku bar shi da duhunsa, ku riƙe shi ta baki-baki, ku naɗe kowane ɗaya a takarda daban, kada ku sa shi cikin leda inda zai yi gumi.

Su ma masu saye su yi hattara, don tunda harafi na ƙara kuɗi, akwai masu ƙara harafi. Akan liƙa shi, ko a sassaƙa, ko a gyara lambar ƙarshe ta shekara, 7 ta koma 6. In an buɗa hoton sosai akan ga wurin ya bambanta da sauran jikin.

Game da sayarwa, masu wannan sana'a a Turai da Amurka suna da kundaye da anka jera kowane kwabo da shekararsa da harafinsa da adadin da anka buga, kuma sakamakon gwanjon da anka riga anka yi yana nan a intanet kyauta. Farashin da anka saya shi ne abin dubawa, ba wanda wani ya rubuta yana fata ba, don kowa na iya ɗora kwabo ya ce miliyan goma. Ku ɗauki hoton gaba da baya, ku rubuta shekara, sunan sarki da harafi, ku tambayi mutum biyu ko uku da ba su san juna ba kafin ku saki. Wanda ya ce ku fara aiko da kuɗin dosiye, ko na duwan, ko na gwajin wani sinadari da wai ke ɓoye cikin ƙarfen, ku rufe wayarku. Babu komi cikin kwabo sai jan ƙarfe da nikel, ko tagulla, kuma a kowace kasuwa mai saye ne ke fitar da kuɗi. In kuma gwangwanin na gado ne, a tuna ba na wanda ya fara buɗe adaka ba ne shi kaɗai, a kira sauran magada a ƙirga a gabansu kafin ko anini ɗaya ya fita daga gidan.